Suna Yana Nan, Yaro Ba Ya Nan: Iyaye da Jarrabawa a Agadas

Duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito a Nijar, lamba guda kowa ke riƙewa: kashi nawa cikin ɗari suka ci. Ita ake faɗi a rediyo, ita ake ta ja-in-ja a kanta a fada wajen shan shayi. Amma takardar da hukumomin ilimi ke cikawa layi uku gare ta. Akwai waɗanda aka rubuta sunayensu, akwai waɗanda suka zo, sannan waɗanda suka ci. Ni malamin kwaleji ne a Agadas, ina cikin waɗanda ake sa wa tsaron jarrabawar brebe, shi ya sa idona ya fi tsayawa a ratar da ke tsakanin layin farko da na biyu. A wannan ratar ake samun yaron da aka rubuta lambarsa da alli a kan tebur, aka kira sunansa, aka sake kira, ɗaki ya yi tsit. Wani ciwo ne ya kwantar da shi. Amma da dama lafiyarsu lau, a gida aka yanke cewa ba za su zauna ba. Akwai kuma waɗanda aka cire tun kafin a haɗa takardun shiga, su ko layin farko ba su samu ba, kuma a abin da na gani sun fi waɗancan yawa.

Bari in yi wa mai karatu na Kano ko Sakkwato bayanin tsarinmu a taƙaice. Yaro yana yin shekara shida a firamare, daga CI zuwa CM2, ya rufe da jarrabawar CFEPD, wadda muke kira sartifika. Makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci suna da tasu irinta. Daga nan sai kwaleji shekara huɗu, ƙarshenta BEPC, wato brebe. Sai lise shekara uku, ƙarshenta bak, mabuɗin jami'a. Tambayoyi iri ɗaya ne ga ƙasa baki ɗaya, rana ɗaya, tsakanin Yuni da Yuli. Abin da aka tambayi ɗan Yamai shi ake tambayar ɗan Bilma da ɗan Iferwan.

Janye yara daga jarrabawar gwamnati ba mu kaɗai muka san shi ba, sai dai na wasu sigarsa daban. A 2015, a jihar Niyok ta Amurka, yara kimanin dubu 200, wato ɗaya cikin biyar na waɗanda ya kamata su zauna, ba su rubuta jarrabawar jiha ta Turanci da lissafi ba, bisa umarnin iyayensu. Iyayen sun rubuta wa shugabannin makarantu takarda, sun yi taruka, sun fito a jaridu. Kukansu shi ne tun da dokar ilimi ta Amurka ta 2002 ta wajabta auna yara kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, makaranta ta koma wurin horon cin jarrabawa, kuma da makin yara ake yanke wa malamai hukunci. A Ingila ma, a watan Mayu na 2016, wasu iyaye sun riƙe ƴaƴansu a gida yini guda don nuna ƙin gwajin da ake yi wa yara ƴan shekara shida zuwa bakwai. Sai dai waccan jarrabawar makaranta da malami take aunawa. Yaron Niyok da bai zauna ba ya wuce aji na gaba kamar kowa. Yaron Agadas da bai zauna brebe ba kuwa, ba shi ba lise ta gwamnati, ba shi ba duk gasar ɗaukar aikin da ke neman wannan takarda. Kuma iyayenmu ba sa rubuta wa kowa wasiƙa, ba sa kiran ɗan jarida. Yaro ne kawai ke daina zuwa, kuma a kansa asarar take ƙarewa.

Ɗari-ɗari da lakwal, wato makarantar boko, yana da tushe a ƙasar Abzin. Kakanninmu sun ga Faransawa da bindiga kafin su gan su da alli. Bayan Kawsan, jagoran boren Abzinawa, ya tsare sansaninsu a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa Maris 1917, ramuwar da suka yi ta ci malamai da mutanen gari da yawa, kuma tsofaffi sun riƙe abin a zuci. Da aka zo buɗe makarantun makiyaya a shekarun 1940, kowane shugaban ƙabila ana ɗora masa yawan yaran da zai kawo. Wasu suka ɓoye nasu a daji, wasu suka miƙa ƴaƴan barorinsu. Wannan zamanin ya shuɗe. Yau da wuya ka ji uba a cikin gari ya ce lakwal kafirci ce. Uban yau lissafi yake yi.

A watan Afrilu na 2014 aka ga zinariya a Jado, can arewa maso gabas a gundumar Bilma, ba a jima ba aka gan ta a Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. Duk wanda yake Agadas a shekarar ya san yadda gari ya girgiza. Tela ya rufe shago, mai fili ya sayar ya sayi Hilux da na'urar neman zinariya, kowa maganarsa giram nawa wane ya samo. Afrilu kuwa wata biyu ne kafin jarrabawa. Ajin ƙarshe na kwaleji, inda samari ƴan sha shida da sha bakwai suke, ya fara zubewa daga bencin baya. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, amma Cibarakaten da ramukan cikin duwatsun Abzin sun ci gaba, injinan niƙa dutse na Gidan Daka a Arlit ma ba su huta ba. A tsakiyar wannan kuma, daga 2016, aka tsananta aiki da dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, kasuwar direbobi da masu gidajen saukar baƙi da masu sayar da jarkokin ruwa ta mutu, har zuwa Nuwamba 2023 da aka soke dokar. Gidan da tukunyarsa ta yi sanyi a waɗannan shekaru, ɗan da ya tasa shi aka fara duba.

Wani uba ya same ni ana saura ƴan makonni a shiga brebe. Ya tsaya a bakin aji da rawaninsa, bai shigo ba sai da na fita. Muka gaisa, muka tambayi gida da zafi. Sai ya kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Mushe, yaron nan na zo ɗauka. Ƙanena zai tafi Cibarakaten ranar Litinin, akwai wuri a mota."

Na ce, "Baba, saura ƙiris. An biya kuɗin, an kai takardunsa, lambarsa ta fito. Ka bar shi ya rubuta, in ya gama ya bi mota ta gaba."

Ya yi shiru, ya gyara rawani, ya dube ni. "Mushe, tsakaninka da Allah, zai ci?"

Yaron a tsakiyar aji yake. Lissafinsa da dama-dama, Faransancinsa da rauni. Na ce masa zai iya ci, zai iya faɗuwa. Ya ce, "Wansa sau biyu ya rubuta bai ci ba. Ɗan maƙwabcina ya ci, ya ci bak, ya je jami'a a Yamai, ga shi nan yana kabu-kabu. Motar Litinin kuwa na san inda za ta." Ya yi mini godiya, ya sa mini albarka, ya tafi. Ranar jarrabawa teburin yaron ba kowa.

Ban yarda da masu kiran wannan jahilci ba. Mutumin ya duba abin da ke gabansa ne ya auna. A 2021 kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar ne ya ci brebe a faɗin ƙasa, masu cin bak ma ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Wasu shekarun abin yakan ɗaga, amma a ce mafi yawan waɗanda suka zauna sun faɗi, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Uban da ya ciyar da yaro shekara goma a benci, ya sayi littafi da biro da takalmi, sannan aka ce masa masu faɗuwa sun fi masu ci, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Inda lissafinsa ya gaza shi ne abin da bai sa a ciki ba. Rami yana ruftawa. Ƙurar dutse tana cin huhu, zaibar da ake kama zinariya da ita guba ce, ga ƴan fashi a hanya. Mai mota da mai na'ura da mai sayar da ruwa su ke da tabbacin riba, ɗan haƙa kuwa sai abin da rabo ya ba shi. Sannan zinariya tana nan bayan Yuni, brebe kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma saurayin da ya yi wata shida a daji ya riƙe kuɗin kansa, da wuya ya sake zama a benci malami yana ce masa ya yi shiru.

Duk da haka tambayarsa mu ta kama, mu malamai da hukuma. Me ya sa yaro zai yi shekara goma a hannunmu, malaminsa ya kasa cewa zai ci?

Yaron Agadas yana shiga CI da Tamajak ko Hausa a bakinsa, wani Fulatanci, wani Tubanci ko Barbarci, wani Larabci. Da yawansu harshe biyu suke ji tun suna ƙanana. Ranar farko sai a tarbe shi da Faransanci, harshen da ba a yi a gidansu, ba a ciniki da shi a kasuwa. Binciken PASEC, mai auna ɗaliban ƙasashen Afirka da ke karatu da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma ba ya kai ƙarshen firamare yana karatu da fahimta yadda ake so. A 2019 abin ya hau zuwa kusan uku cikin goma. An ci gaba, amma sauran bakwai ɗin mu ke karɓarsu a ajin farko na kwaleji. Na koyar da yarinyar da za ta lissafa maka ribar buhunan albasar Tabelot da ka, ta cire kuɗin mota, ta cire na dillali, ba ta kuskure ko dala. A ba ta wannan lissafin a rubuce da Faransanci sai ta zuba wa takarda ido har a buga ƙararrawa. A rajista sunanta yana cikin marasa ƙoƙari. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin makarantu masu koyarwa da harsunan gida, kuma kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Takardar brebe dai har yanzu da Faransanci take zuwa.

Gwamnati da kanta ta taɓa janye yara daga jarrabawa. A zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, wanda ya yi alkawarin karatu ga kowane yaro har shekara 16, aka dakatar da sartifika, aka ce makin gwaje-gwajen aji ya isa ya wuce da yaro kwaleji. Niyyar mai kyau ce, kada rana ɗaya ta tare ɗan shekara sha biyu. Kusan shekara goma ana haka. Mu da ke kwaleji mun ga abin da ya biyo baya: aji ya cika maƙil, da yawa ba sa iya karanta abin da ke kan allo, ƙarshen shekara a sallame su ko su gudu da kansu. Uban da a da yake gane matsayin ɗansa tun daga CM2, sai ya zamana ba ya sani sai yaro ya fara gemu. A 2024 aka dawo da sartifika, lokacin da Dokta Elisabeth Shérif ke riƙe da ma'aikatar ilimi. Na goyi bayan dawowarta, har gobe ina goyon baya. Amma tiya ba ta ƙara hatsi, faɗa maka kawai take nawa ke cikin buhu. In ba a gyara CI da CP ba, wato ajin farko da na biyu, inda yaro ke koyon haɗa baƙi, sartifika za ta dinga kawo mana labarin da muka riga muka sani.

Wasu yaran kuma takarda ce ke tare su, iyaye kawai gajiya suke yi. Ba a shiga jarrabawa sai da takardar haihuwa. Yaron da aka haifa a zangon makiyaya, nesa da ofishin magajin gari, ba wanda ya rubuta shi. Firamare takan karɓe shi haka nan, sai ya kai CM2 a ce a kawo. Wa'adi ya riga ya wuce, sai an je kotu da shaidu a samo hukuncin da ke maye gurbinta, ga kuɗin mota, ga tambur, ga hoto. Uba ya bar dabbobi ya je, a ce ya dawo wani mako, shi ke nan bai dawo ba. Alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman raba waɗannan takardu, abin yana taimakawa ƙwarai, sai dai jihar Agadas ta fi rabin faɗin Nijar, zaman ba ya kai wa kowane zango a kowace shekara.

Wannan faɗin ƙasar shi ke haifar da abin da ya fi ba ni tausayi. Na koyar a wani ƙauye cikin duwatsu, a can na ga iyayen da tsoron kada yaro ya ci ne ke sa su janye shi. In ya ci sartifika sai ya bar gida zuwa garin da ke da kwaleji, in ya ci brebe sai ya ƙara nisa. Wa zai riƙe shi? Mai masauki na kirki yana nan, amma akwai gidan da yaron ƙauye zai koma ɗan aike da ɗaukar ruwa, ya kwana da yunwa, littafi ko buɗe shi ba ya yi. Ga kuma kalandar lakwal da ba ta san makiyayi ba. Afrilu zuwa Yuni, lokacin bitar jarrabawa, shi ne tsananin rani, rijiya ta yi zurfi, dabbobi sun rame, kowane hannu ana bukatarsa a bakin guga. Da damina kuma an nufi wajen Ingal shan gishiri, wasu sai an buɗe makaranta a Oktoba da makonni suke dawowa. Inda akwai kantin abinci da wurin kwana a makaranta, yaran makiyaya suna zama har jarrabawa. Inda babu, in zango ya tashi da yaron yake tashi.

Maganar ƴan mata ta fi nauyi. Alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna cewa kusan mata uku cikin huɗu a Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. A birnin Agadas abin bai kai na wasu jihohi ba, amma yana nan, kuma sau da yawa a ajin brebe yake faɗowa. Wata ɗalibata, cikin na gaba-gaba a aji, ta daina zuwa bayan hutun zango na biyu. Na aika, sai ga mahaifiyarta da kanta. Ta zauna a kan benci ta rufe rabin fuska da mayafi, ta ce, "Mushe, an kawo kuɗinta, an sa rana."

Na ce, "Inna, yarinyar nan za ta ci. Wannan kam ina iya faɗa miki."

Ta ce, "Na sani. Da dare ina jin ta tana karatu da tocila. Amma in ta ci, sai shekara uku a lise, sai Yamai. Ni ƴata a gaban idona nake son ganinta, ba in ji labarinta a bakin mutane ba."

Ni ban iya ba, matan ƙungiyar uwaye ta makarantar su suka iya. Suka je gidan, suka je gidan ango, suka zauna da kakar yarinyar, wadda ita ce mai magana ta ƙarshe. Ba su ce a fasa aure ba. Cewa suka yi a ɗaga shi zuwa bayan jarrabawa, kuma a yi alkawari gaban shaidu cewa za ta ci gaba daga ɗakinta. Ta zauna, ta ci. Akwai dokar shugaban ƙasa ta Disamba 2017 da ta ɗora wa hukuma kare yarinyar da ke cikin karatu da tallafa mata, kuma daga 2021 shugaba Mohamed Bazoum ya fara gina makarantun kwana na ƴan mata saboda irin tsoron da wannan uwa ta faɗa. Doka tana da amfani, tana ba darakta ƙafar tsayawa. Amma a abin da na gani, tsohuwa mai mutunci da ta shiga gida ta zauna a tabarma ta fi takardar hukuma saurin ceto yarinya.

Akwai kuma namu laifin da ba ma son a faɗa. Tun da aka fara auna makaranta da yawan waɗanda suka ci, wasu makarantu sukan kira uban yaro mai rauni su ce masa bana kada ya zauna, ya maimaita aji, don kada ya ja lambarsu ƙasa. Uba ya ji daga bakin malami cewa ɗansa ba zai iya ba, me zai jira? A nan kukan iyayen Niyok ya zo daidai da namu: in aka ɗaure darajar malami da makin yara, yaro mai rauni shi ake fara sadaukarwa. Ga yajin aiki da ke cinye makonni, ga malaman kwantaragi da albashinsu kan makara har wasu su bar ƙauye. Uban da ya ga aji ba malami a Janairu, da wane baki za mu ce masa Yuni tana da muhimmanci?

Ni dai ra'ayina, jarrabawar nan da duk aibinta, zama ya fi rashin zama. Ko yaro bai ci ba ya san inda ya tsaya, yana iya sake gwadawa. Tun 2014 akwai jami'a a nan Agadas, ba dole sai Yamai ba. Kamfanonin ma'adinai na Arlit da Cirozerin, asibiti, soja, makarantar horon malamai, duk takarda suke tambaya kafin su tambayi wani abu, kuma in ƴaƴanmu ba su da ita, daga wani wuri za a kawo masu ita.

Saboda haka ina roƙon iyaye, kafin a yanke magana a gida a zo makaranta a zauna da mu. In matsalar kuɗi ce ko masauki, kwamitin makaranta da ƙungiyar uwaye sun sha warware irinta. In tafiya ce ko aure, a ɗaga zuwa bayan Yuli. A nemi takardar haihuwa tun yaro yana CP, kada a jira CM2. Wanda kuma ɗansa ya riga ya tafi daji, ko ƴarsa tana ɗakin miji, ana iya rubuta brebe da bak a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ba sai ana cikin aji ba. A zo tun farkon shekarar karatu a tambayi darakta ranar ajiye takardu.